INA AMFANIN BINCIKEN SHEHUN MALAMI BASSIR YA MAƘALE?

Jama'a, a jami'o'inmu akwai mudun da ake auna malami da shi. Watau a ƙidaya takardun bincike nawa ya rubuta, a waɗanne mujallu aka buga su, sa'an nan masana nawa ne a duniya suka ambaci sunansa cikin nasu rubuce-rubucen. Da wannan mudu ne ake ƙara wa mutum girma har ya kai matsayin Shehun Malami. In da shi za a auna marigayi Olumbe Bassir na Jami'ar Badun, to, ba shakka ya cika ya batse, domin takardunsa sun haura ɗari biyu. Amma akwai wani mudun na biyu da ba a cika ɗaukowa ba, shi ne a taka zuwa kasuwar Bodija, wadda ba ta da nisa daga ƙofar jami'ar, a tambayi mai sayar da gyaɗa ko masara in ya taɓa jin abin da aka gano game da hajarsa a bayan wancan shinge. Ina kyautata zaton amsar da za a samu ba za ta faranta wa kowa rai ba. Wannan mudu na biyu kuwa shi ya shafe mu, mu 'yan Arewa mazauna Kurmi, domin hatsi da gyaɗa da wake da yajin tsire da mutanen Ikko da Badun da Anaca da Fatakwal ke ci, galibinsu ta hannunmu suke bi.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ma Bassir baƙo ne a Badun kamar mu. An haife shi a 1919 a ƙasar Sanagal, ya tashi a birnin Firitawun na Saliyo cikin jama'ar Aku, jikokin Yarbawan nan da aka 'yanto daga jiragen bayi. Ya yi karatu a Babbar Kwalejin Yaba da ke Ikko, daga nan ya wuce Jami'ar Lifaful a Ingila, inda ya sami digirin Dakta a 1951. A Jami'ar Badun ya yi yawancin rayuwarsa ta aiki, shi ne ya kafa sashen nazarin sinadaran jikin masu rai, kuma a Badun ɗin Allah Ya yi masa cikawa a 2001.

Abin da ya bambanta shi da yawancin waɗanda suka dawo daga Turai a zamaninsa shi ne abin da ya zaɓa ya sa a gaba. Bai raina tukunyar gida ba. A shekarun 1950 ya zauna ya auna abin da ke cikin nonon matan Ikko masu shayarwa, daga haihuwa har yaro ya shekara. Ya bi diddigin yadda bammi ke tsami. A 1976 aka buga littafinsa a ƙasar Holan a kan yadda rashin abinci mai gina jiki ke ɓata jikin mutum a ƙasashe masu zafi. Amma aikin da ya fi ɗaukaka sunansa, wanda kuma ya sa na ɗauki alƙalami yau, shi ne na gubar da ke cikin fumfunar gyaɗa.

Asalin maganar ga shi. A 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a gonakin Ingila cikin 'yan watanni, aka rasa dalili. Da aka bincika sai aka tarar duk sun ci abinci iri ɗaya, wanda aka haɗa da tunkuzar gyaɗa da aka sayo daga Barazil. Kafin ƙarshen 1961 an gano cewa wata fumfuna ce, wadda masana ke kira Aspergillus flavus, ke tsirowa a jikin gyaɗar tana zuba guba, daga baya aka raɗa wa gubar suna afalatoksin. A 1963 masana a Amurka suka warware yadda ƙirar gubar take. To, ku tuna a wannan lokacin Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen sayar da gyaɗa waje, dalar gyaɗa na tsaye a Kano, jirgin ƙasa na kwasa zuwa Apapa ba dare ba rana. Abin da ya tayar da hankalin Turawa da fari shi ne kajinsu da cinikinsu. Amma mu nan ba talo-talo ke cin gyaɗar ba, mutane ne, daga mai goyo har yaron da aka yaye.

Bassir da almajiransa suka duƙufa a kan tambayar da ta fi damunmu, watau in wannan guba ta shiga ciki, ina take zuwa, me kuma take yi? A 1967 shi da Osiyemi suka buga a mujallar Nature, wadda ke cikin manyan mujallun kimiyya na duniya, yadda hantar ɓera ke fitar da gubar ta cikin ruwan matsarmama. A 1968 shi da Adekunle suka ba da labarin waɗansu sababbin gubobi biyu da fumfunar ke yi in ta tsiro a ruwan bammi. A 1969 shi da Bababunmi suka nuna gubar tana jinkirta daskarewar jini. A 1970 shi da Emafo suka bi yadda hantar dabbobi daban-daban ke sarrafa ta. Daga baya shi da Maduagwu suka juya kan waɗansu sinadarai masu jawo sankara da ake samu a abubuwan sha na gargajiya. Duk wannan fa a Badun aka yi shi, wani ma ana tsakiyar yaƙin basasa.

Almajiran nan kuwa ba su tsaya nan ba. Enitan Bababunmi ya zama shugaban Jami'ar Jihar Ikko a shekarun 1990, Philip Emafo ya shugabanci hukumar duniya mai sa ido a kan miyagun ƙwayoyi, waɗansu kuma suka zama Shehunan Malamai suka yaye nasu almajiran. Saboda haka in ana maganar tasiri a tsakanin masana, babu mai ja.

Nakan ji waɗansu daga cikinmu, in aka yi zancen irin waɗannan mutane, suna cewa ai duk Turanci ne kawai, an ɓata kuɗin gwamnati wajen kiwon ɓeraye. Ni ban yarda da wannan magana ba ko kaɗan. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to, a nan idon ma bai san kima ba. Gyaɗa tana iya yin kyau a ido alhali tana ɗauke da gubar, ba ta da wari, ba lalle ne ta yi ɗaci ba. Ba don an yi haƙurin gwaji a jikin ɓera da agwagwa shekara da shekaru ba, a Badun da sauran wurare, da har gobe in mutum ya kumbura ya mutu da ciwon hanta sai a ce sammu ne, ko a ɗora wa kishiya. Takardar bincike ita ce hanyar da masani ke miƙa abin da ya gani ga 'yan'uwansa su gwada, su gaskata ko su ƙaryata. Abin da bai bi ta wannan hanya ba, ba shi da bambanci da tallar mai magani a cikin mota.

Ga kuma abin da taron waɗannan takardu na masanan duniya ya haifar. A 1987 hukumar binciken sankara ta duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sa afalatoksin a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam sankara, ita kuwa tata sankarar a hanta take. An kuma gano cewa in mutum yana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, sa'an nan yana cin abinci mai wannan guba, haɗarinsa yakan ninku kamar sau 30. Binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi a 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 na baligan ƙasar nan suna ɗauke da wannan ƙwaya, da yawansu kuwa ba su sani ba. A 2002 aka buga sakamakon auna yara 480 a Jamhuriyar Binin da Togo, aka ga waɗanda gubar ta fi yawa a jininsu su ne suka fi tsumburewa. In kuwa aka ci da yawa a lokaci guda, ba ta jiran shekaru. A 2004 a gabashin Kenya mutum 317 suka kwanta bayan sun ci masarar da aka ajiye da danshi, 125 daga cikinsu suka rasu.

Kada mai tsire ya ce ai shi wuta ce sana'arsa. Suya da dahuwa da gashi suna rage gubar ne kurum, ba su kashe ta. Har ila yau, in aka matse gyaɗa, mafi yawan gubar ba ta bin mai, a tunkuza take zama. Tunkuza kuwa ita ce ƙuli-ƙuli, ƙuli-ƙuli shi ne yajin tsire, shi ne kuma ake shafe kilishi da shi. In aka ba saniya tunkuza ko dusa mai fumfuna, wani kashi na gubar yakan fito a nononta, haka nan ma mace mai shayarwa.

Yanzu bari mu zo kan inda abin ya taɓa mu musamman. Fumfunar nan a ƙasa take zaune, takan kama gyaɗa ko masara tun a gona, balle in ruwa ya ɗauke ana dab da girbi. Wannan ba laifin ɗan kasuwa ba ne. Amma abin da take so ta yaɗu shi ne ɗumi da danshi. Gyaɗar da aka shanya a Dawakin Tofa ko Bichi iskar hunturu ta bi ta kanta, aka loda ta a Dawanau tana ƙaras-ƙaras, in ta sauka a Mile 12 cikin watan Yuni ta shiga wata duniya dabam. Iskar Ikko da damina jiƙe take. Buhu yana shan danshi daga sama, yana sha daga siminti, yana sha daga bango. Ga tamfol mai yoyo a hanya, ga mota ta lalace ta kwana uku a Jebba ana sheƙa ruwa a kanta, ga sito marar taga an cika shi har rufi. Masana sun ce ƙwayar gyaɗa ba ta zama lafiya a ajiya sai in ruwan jikinta bai wuce kashi 7 ko 8 cikin 100 ba, masara kuma kashi 13. Ajiyar da kakanninmu suka saba da ita a rumbu, ta ƙasa mai busasshiyar iska ce. Mun taho da al'adar ajiyar Arewa muka shigo da ita Kurmi ba tare da mun sāke kome ba.

Ƙasashen Turai sun yanke cewa gyaɗar da mutum zai ci kai tsaye kada gubar da ke cikinta ta wuce kashi 4 cikin kashi miliyan dubu. Don a gane ƙanƙantar abin, kamar giram 4 ke nan a cikin tan 1,000, watau lodin tirela fiye da talatin. 'Yan ƙwayoyi kaɗan da suka ruɓe sun isa su sa buhu guda ya faɗi wannan jarrabawa. Su can suna da ɗakunan gwaji a bakin tashar jirgi, abin da bai yi musu ba su komo da shi. Haka suka yi wa busasshen wakenmu a 2015, suka hana shi shiga, ko da yake shi laifinsa maganin ƙwari ne da aka zuba fiye da kima. Tambayata ita ce, wa ke tsaye a bakin kasuwar Bodija yana auna wa ɗan talaka?

A nan ne amfanin binciken ya maƙale, kuma ni a ganina ba jahilci kaɗai ya maƙale shi ba, har da yadda ciniki ke tafiya. Kowane ɗan kasuwa ya san tsintar gyaɗa. Ana fitar da ruɓaɓɓiya da yamutsattsiya da wadda ƙwaro ya huda, a sayar da mai kyau da tsada. To, ina wadda aka tsince ke zuwa? Ba a zubarwa. Ana auna ta da rahusa ga matan da ke yin mai da ƙuli-ƙuli, su kuwa ba don mugunta suke saye ba, sai don ita ce jarinsu zai iya ɗauka. Ke nan tsintar ba ta fitar da gubar daga cikin abincin jama'a ba, ta tattara ta ne wuri ɗaya, ta ɗauke ta daga akushin mai hali ta zuba a na marar hali. An yi gudun gara an faɗa zago. Haka ma masarar da ta yi baƙi-baƙi, a niƙa ta a gauraya, ta koma koko ko abincin kaji. Muddin buhu mai tsabta da buhu mai guba kuɗinsu ɗaya in dai ido bai gani ba, ko takarda dubu aka rubuta babu abin da zai canja a sito.

Abin haushi shi ne maganin ba wani mai tsada ba ne, kuma an gwada an gani. A ƙasar Gini masana sun ɗauki ƙauyuka 20, suka koya wa manoman rabinsu abubuwan da ba su fi ƙarfin kowa ba, watau tsince gyaɗa da hannu, da shanya ta a kan tabarma maimakon ƙasa har ta bushe sarai, da zuba ta a buhun algarara mai shan iska, da ɗora buhunan a kan katako. Da aka auna jinin mutanen bayan watanni biyar, sai aka tarar gubar da ke jikinsu ba ta kai rabin ta mutanen sauran ƙauyukan ba. A 2005 aka buga wannan. Katako ne fa da tabarma da buhu.

A Badun ɗin nan kuma, a Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasashe Masu Zafi da ke hanyar Oyo, wadda 'yan kasuwar Shasha ke wucewa ta ƙofarta, Dakta Ranajit Bandyopadhyay da abokan aikinsa na Amurka suka fito da wata dabara mai ban sha'awa. Ashe a cikin dangin fumfunar akwai waɗanda ba su yin guba. Sai aka zaɓo irin waɗannan daga ƙasar Nijeriya, aka shafa su a jikin ƙwayar dawa da aka gasa aka rina shuɗiya, manomi ya watsa kilo 10 a kowace hekta mako biyu ko uku kafin amfani ya yi fure. Marasa gubar su riga masu gubar kama wuri. Sunan abin Aflasafe, hukumar NAFDAC ta yi masa rajista a 2014, kuma gwaje-gwaje sun nuna yana rage gubar da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Abin lura a nan shi ne, sa'ad da aka yi wani shiri na biyan ɗan ƙarin kuɗi a kan kowane tan na masarar da aka yi wa wannan magani, manoma da dillalai sun karɓe shi hannu bibbiyu. Manomi ba ya ƙin gaskiya, asara yake ƙi.

Jami'o'i suna da nasu kason na laifi. Malamin da ya buga takarda a Landan a ƙara masa girma, wanda ya ɓata mako guda yana fassara abin da ya gano zuwa Hausa ko Yarbanci don 'yan kasuwa kuwa, ba mai ce masa sannu, wataƙila ma a ce ya bar aikinsa. In haka mudun yake, kowa zai auna abin da ake saye ne. Kamata ya yi Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta sa wannan cikin abin da ake dubawa. Samaru tana da sashen yaɗa ilmin noma wanda ya daɗe yana buga takardu da Hausa yana kuma magana da manoma ta rediyo, amma manomi yake nufa. Ɗan kasuwar da ke riƙe da buhu wata huɗu a sito a Agege ko Shagamu ko bakin gadar Anaca, shi ba malamin gona a kansa, ba malamin tsabta, sai mai karɓar kuɗin rumfa.

Amma kada mu zauna jiran hukuma. Muna da Sarakunan Hausawa a kowane Sabo, muna da shugabannin 'yan hatsi da na 'yan gyaɗa da na mahauta, waɗanda in suka yanke magana a kasuwa ta yanku. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗin belin ɗan'uwa ko na kai gawa gida, ba za ta kasa sayen katakon ɗora buhu da ma'aunin danshi guda ɗaya ba. Akwai kuma 'yan kayan gwaji na zamani da ke nuna gubar cikin abin da bai kai awa guda ba. Ƙungiya tana iya hana a sayar wa masu ƙuli-ƙuli tsintacciyar gyaɗa, a tara ta a kai wa masu yin sabulu ko masana'antar da ke tace mai da inji, domin irin wannan tacewa tana cire gubar daga man. Mai tsire kuma ya san inda ƙuli-ƙulinsa ya fito, in da hali ya sayi gyaɗarsa da kansa ya bayar a yi masa. Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B kuwa tun 2004 tana cikin alluran da ake yi wa jarirai, wanda ya hana a yi wa ɗansa ya bar shi da rabin haɗarin a wuya.

Akwai kuma maganar suna. Tsire da kilishi sun zama tambarinmu a Kudu, daga Obalende har Kalaba. Ranar da wata jarida ta ɗebi yaji daga tukuba goma ta kai ɗakin gwaji ta buga sakamako da manyan baƙaƙe, ba za a ce laifin danshin Ikko ba ne, cewa za a yi Hausawa na sayar wa mutane guba, kuma mun san yadda irin wannan magana ke rura wuta a garin da kake baƙo. Gara mu riga kowa.

Saboda haka ina kira ga Sarkin Hausawan Badun da shugabannin 'yan hatsi na Bodija, su da suka fi kowa kusa, su aika wa sashen da Bassir ya kafa da kuma cibiyar hanyar Oyo takardar gayyata, a zo kasuwa da tafinta, a buɗe buhu a gaban jama'a a auna, a zaga sito-sito a nuna inda danshi ke shiga. In Badun ta fara, Mile 12 da Shagamu sai su bi. Sabuwar gyaɗa takan fara saukowa daga watan Oktoba, ya kamata a yi zaman kafin motocin farko su iso.